Mabiyiya Ta Sauko Ƙasa: Yaushe Ya Kamata A Yi Aikin Ciro Jariri?

A ɗakin awo akwai wata takarda da nake gane ta tun daga yadda mace ta riƙo ta. Takardar hoton ciki ce, an ninke ta gida huɗu an cusa cikin katin awo, mai ita kuma ta raɓe a ƙarshen benci, ba ta sa baki a hirar da sauran mata ke yi. Idan layi ya zo kanta sai ta miƙo ta ce, "Sista, mai hoto ya ce mabiyiyata tana ƙasa, wai sai an yi mini aiki." Daga nan tambayoyi ke ɓarkewa, wasu daga bakinta, wasu daga maigidan da ke tsaye a waje, wasu kuma daga uwar miji washegari. Ni ungozomar asibiti ce a nan Daura. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa gwargwadon abin da na koya da abin da idona ya gani. Likitan da ya duba hotonki ya kuma taɓa cikinki shi ne zai sa rana. Na rubuta wannan ne don ki shiga wurinsa kin san abin da za ki tambaya.

Me ake nufi da mabiyiya ta sauko ƙasa?

Mabiyiya ita ce naman nan da ke manne a jikin mahaifa, wadda cibiyar jariri ke haɗe da ita, ta nan yake samun abinci da iska. Sunanta ma ya faɗi matsayinta: jariri ya fito, ita ta biyo baya. An fi samunta can sama ko a gefen mahaifa, nesa da hanya. Wani lokaci kuma sai ta kama a ƙasa, dab da bakin mahaifa, ƙofar da jariri zai bi.

Likitoci sun raba abin gida biyu. Idan ta rufe bakin mahaifa, sai su ce ta tare hanya. Idan ba ta rufe ba, amma tsakanin gefenta da bakin mahaifa bai kai santimita 2 ba, kamar faɗin babban yatsa ke nan, sai su ce ta sauko ƙasa. Ki riƙe wannan bambanci da kyau, domin a kansa ake gina ranar aiki, kuma mata da yawa suna fitowa daga ɗakin hoto ba su san wanne aka gani ba. Ki roƙi mai hoton ya rubuta nisan da lamba a takardar.

Abin tsoron shi ne jini. A watannin ƙarshe ƙasan mahaifa yana miƙewa yana sirancewa, bakinta yana shirin buɗewa, ita kuwa mabiyiya ba ta miƙuwa. Sai gefenta ya ɗage daga inda ya manne, hanyoyin jini su buɗe. A ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye cikin minti ɗaya. Idan ya ɓalle a wannan wuri, ba ya jiran a gama shawara.

Wani abu na yi da ya jawo haka?

A'a, 'yar'uwa. Ɗaukar kaya ba ya jawo shi, kwanciya ta wani gefe ba ta jawo shi, kuma ba hannun kowa. Tun makonnin farko ƙwan ya zaɓi inda zai kama. An dai fi ganinsa ga wadda aka taɓa yi wa aikin haihuwa ko wankin ciki, da wadda ta haihu da yawa, da wadda shekarunta suka ja, da mai cikin tagwaye.

Cikina wata biyar aka ce tana ƙasa. Shi ke nan sai aiki?

Da sauran lokaci. Cikin mata goma da aka ga mabiyiyarsu a ƙasa a hoton mako 20, kusan tara idan aka sake dubawa daga baya za a tarar ta yi nisa da hanya. Duk wadda ta tashi a gidan da ake shuka duma ta san yadda yara ke yi masa zane da ƙaya yana ƙarami. Zanen yana nan inda aka yi shi, amma da duman ya cika sai ka ga ya yi nisa da wuya. Haka mahaifa take yi da mabiyiya. A ƙarshen ciki, kamar mace ɗaya cikin 200 ce abin ke zame mata matsala.

Saboda haka ake sake hoto a mako 32, idan har yanzu tana ƙasa a sake a mako 36. Hoton da ake yi ta gaba ya fi na kan ciki nuna nisan daidai, musamman idan mabiyiyar ta bayan mahaifa take, kan jariri ya kare ta. Na san nauyin da hakan ke yi wa mata. A hannun wanda ya iya ba ya tayar da jini, kuma kina da damar neman mace ta yi miki. Wadda mabiyiyarta ta shimfiɗu sosai a kan ƙofa, ko mai tabon aikin baya, tata ta fi wuyar matsawa.

To a wane sati ake yin aikin?

Nan ne zuciyar maganar, bari in tsaya a kai.

Macen da za a yi wa aiki saboda wani dalili da bai shafi jini ba, misali jariri ya zauna da ƙafa, ana jira sai mako 39. Ga mai mabiyiya a hanya ana matso da ranar, domin abin da ake gudu shi ne naƙuda ta riga likita. Kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Ingila, a jagoran da ta fitar a 2018, ta ce wadda mabiyiyarta ta tare hanya kuma ba ta taɓa ganin jini ba a yi mata aiki tsakanin mako 36 da mako 37. Wadda ta riga ta ga jini, ko akwai alamun haihuwa za ta zo da wuri, tsakanin mako 34 da mako 36 da kwana 6. Takwararta ta Amurka ta ba da daga mako 36 zuwa ƙarshen mako 37.

Likitocin Kanada, a nasu jagoran na 2020, sun ware wadda mabiyiyarta ta sauko kawai ba ta rufe ƙofa ba. Idan nisan santimita 1 ne ko ƙasa da haka, aiki a cikin mako 38 idan komai lafiya, a cikin mako 37 idan akwai abin damuwa. Idan kuwa nisan ya wuce santimita 1 amma bai wuce 2 ba, sun ce a bar ta ta gwada haihuwa da kanta, kuma da yawa suna sauka lafiya. Sharaɗin shi ne a asibitin da ɗakin tiyata ke buɗe dare da rana, jini yana ajiye, an sa mata allurar ruwa a hannu tun farkon naƙuda. A ɗaki a gida wannan gwaji ba shi da wuri ko kaɗan.

Kin ga ke nan ba rana ɗaya aka tsayar wa kowa ba. Likita yana auna abu biyu ne masu jan juna. Kowace rana da jariri ya ƙara a ciki huhunsa yana ƙara nuna. Kowace ranar kuma tana ƙara kusanto da ke ga daren da jini zai iya ɓallewa. Inda amfanin jira ya fara gaza haɗarinsa, nan ake sa rana.

Ra'ayina, bayan abin da na gani, shi ne waɗanda suka rubuta waɗannan lambobi sun rubuta su ne suna hango macen da motar asibiti za ta isa ƙofar gidanta cikin 'yan mintoci, da ma'ajiyar jini a cike. Macen da ke wani ƙauye bayan Baure ko Zango, wadda sai an nemi mai mota da dare, lissafinta daban ne. Idan likita ya zaɓi farkon tazarar saboda nisan gidanki, yana da hujja. Ki gaya masa gaskiyar inda kike kwana da abin hawan da za ki samu ƙarfe biyun dare, domin waɗannan ma suna cikin ma'auni kamar yadda santimita take ciki.

Inna ta ce a bari wata tara ya cika, idan naƙuda ta gagara sai a yi aikin. Me zan ce mata?

Inna tana magana ne da abin da ta sani, kuma a yawancin haihuwa maganarta daidai ce. Ku zauna da ita ku yi lissafin da watannin da ta saba. Mako 37 kwana 259 ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Wata tara na sama bai wuce kwana 266 ba. Ashe mako ɗaya kacal ya rage wata tara ya cika. Mako 36 ma a tsakiyar wata na tara yake. Bakwainin da take jin tsoro ɗan mako 29 ko 30 ne, tsakaninsa da wannan akwai tafiya.

Sai kuma a fahimtar da ita cewa a wannan ciki naƙudar ita kanta ce haɗarin. Duk murɗawar da mara za ta yi tana buɗe ƙofa, duk buɗewar ƙofa tana yage mabiyiya. Idan ta tare hanya, jariri ba shi da wurin bi, komai juriyar uwar.

Ba na manta wata baiwar Allah da aka sa wa ranar Talata. Danginta suka ce a ɗaga sai bayan Sallah, saura kwana tara. Daren jajibere aka shigo da ita a bayan a-daidaita-sahu, zane biyu sun jiƙe sharkaf, tafin hannunta fari fat, tana ta neman ruwan sha. Mijin yana tsakar asibiti da waya a kunne yana tashin ƙannensa daga barci su zo a gwada jininsu. Allah ya yi da sauran kwananta, ita da ɗan duk sun rayu, amma sai da aka yi ta ƙara mata jini, sunan ma tana kwance aka yi shi. Aikin da aka tsara da rana ake yinsa, babban likita yana nan, mai allurar barci ya shirya, jini yana ajiye da sunanki, cikinki babu abinci. Aikin tsakar dare da abin da aka samu ake yinsa.

In haka ne, me zai hana a ciro shi tun sati 34 kowa ya huta?

Saboda shi ma yana da nasa haƙƙin. Ɗan mako 34 ko 35 yawanci yana rayuwa, amma ya fi fuskantar wahalar numfashi, kasa kama nono da kyau, saukar sukari a jini, sanyin jiki da shawara. Wani sai an sa shi a kwalba, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Idan uwa ba ta zubar da jini, babu dalilin ɗora masa wannan nauyi. Idan tana zubarwa, to an zaɓi ƙaramin haɗari ne a kan babba.

Nakan ji ana cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Wannan magana ba ta da tushe. Duk makon da aka ƙara, ƙarfi jariri yake ƙarawa. Wanda ya zo da ɗan sauran lokaci kuwa, babban gatansa ƙirjin uwarsa: a ɗora shi tsirara fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare, musamman da hunturu, a kuma jinkirta wanka.

Ban san ranar da na ga jinin ƙarshe ba, kuma sai wata shida na fara awo. Ta yaya za a san satin?

Wannan ita ce matsalar da ta fi ba mu wahala a nan, fiye da duk abin da ke cikin littattafai. Mace tana goyo, al'ada ba ta dawo ba, sai ga ciki. Wata kuma cikin fari ne, kunya ta hana ta faɗa sai da ya fito. Hoton da aka yi a wata ukun farko ba ya kuskure fiye da kamar mako ɗaya. Wanda aka yi a watannin ƙarshe yana iya kaucewa da mako uku. Ki duba abin da hakan ke nufi: likita yana ganin ya sa aiki a mako 37, alhali jaririn ɗan mako 34 ne.

Don haka ki kawo duk takardun hoton da kika taɓa yi a wannan ciki, har wadda kike ganin ta tsufa. Ta farko ita ce mai daraja, da ita ake tsayar da lissafi, ba a canza shi duk lokacin da aka yi sabon hoto. Ki kuma taimaka da abin da kika tuna: kin yi azumi da tsarki ko kin sha, laulayi ya fara kafin Babbar Sallah ko bayanta, yaushe kika fara jin motsi. Irin waɗannan suna rage duhu. Idan duk da haka ba a tabbatar ba, likita zai iya kwantar da ke a asibiti ya ɗan ƙara kwanaki yana lura, maimakon ya yi gaggawa.

Na ga jini kaɗan, babu ciwo, kuma ya tsaya da kansa. In jira ranar awo?

Kada ki jira. Haka jinin mabiyiya yake: ja wur, babu ciwo, sau da yawa mace ta farka ne kawai ta ga shimfiɗa ta jiƙe. Na farko yakan zo kaɗan ya tsaya, sai hankalin gida ya kwanta. Gargaɗi ne. Na biyu ba a san yawansa ba.

Ki tafi a lokacin, ko dare ne, kuma kai tsaye asibitin da ake tiyata ake ƙarin jini. Tsayawa a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa cin lokaci ne. Kada kowa ya sa miki hannu ta gaba don ya duba ko haihuwa ce, ko ungozomar gida ko ma'aikaciyar lafiya, domin yatsa ɗaya yana iya ɓalle abin da ba za a iya tsayarwa ba. Ki faɗa da bakinki tun daga ƙofa: "Mabiyiyata tana ƙasa." Kada a ba ki jiƙo ko allurar kawo naƙuda, kada a cusa tsumma a ciki. Ki yi ƙunzugu, ki kwanta ta gefen hagu a mota, a zuba zannuwan da suka jiƙe a leda a taho da su, da su muke ƙiyasta abin da ya zuba. Idan rukunin jininki negatif ne, kamar O negatif, ki faɗa, akwai allurar kariya mai suna anti-D da ake yi cikin kwana uku.

Daga ranar da kika ga jini, ranar da aka rubuta a kati ta zama abin sake dubawa. Idan jinin ya yi yawa ko ya ƙi tsayawa, aiki ake yi nan take ko a wane mako ake, don ceton ranki.

Dole ne a kwantar da ni a asibiti har ranar?

Ba kowa ba. Wadda ba ta taɓa ganin jini ba, gidanta yana cikin gari, akwai babba tare da ita kullum da abin hawa a kusa, tana iya zama a gida. Wadda ta ga jini fiye da sau ɗaya, ko gidanta da nisa, kwanciyar ta fi mata, yawanci daga wajen mako 34. Na san zafin barin yara da girki, na san kuɗin jinya. Idan kwanciya ba za ta yiwu ba, a nemi gidan ɗan'uwa kusa da asibiti a koma can.

Goyon ciki al'ada ce mai kyau, amma a wannan karon a duba inda iyayen suke. Idan a ƙauye suke, gara uwar ta taho gari wurin 'yarta. Tsakanin Daura da Katsina kusan kilomita 80 ne a kan kwalta, balle hanyar ƙauye da damina, balle wuraren da mutane ba sa iya fita da dare.

A gida, a dakata da kwanciyar aure har a haihu, Malam ya yi haƙuri. A bar daka da jan ruwa a rijiya. Amma kada ki kwanta kamar gawa yini guda, ki riƙa ɗan zagayawa a tsakar gida kina shan ruwa, don zama wuri ɗaya yana sa jini ya daskare a ƙafa.

Mece ce allurar huhun jariri?

Allura ce da ake yi wa uwa, an fi amfani da deksametason a nan, sau biyu ko sau huɗu cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Tana gaggauta nunar huhun jariri. Amfaninta ya fi fitowa idan haihuwa za ta zo kafin mako 34, kuma idan an haihu cikin mako guda bayan yinta. Tsakanin mako 34 da 36 likita ne zai auna. Mai ciwon sukari ta faɗa kafin a yi mata.

Ni ne maigidan. An ce in kawo masu ba da jini tun yanzu, alhali ba abin da ya faru. Leda nawa, kuma don me?

Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko a aikin da aka tsara, wannan mahaifa ta fi sauran zubar da jini, saboda ƙasanta inda mabiyiyar ta zauna ba ya tsukewa da ƙarfi kamar sama bayan an cire ta. Likita ne zai faɗi adadin, sau da yawa leda biyu zuwa huɗu. Ka kawo mutane fiye da adadin, don wani jininsa ba zai dace ba, wani kuma gwaji zai hana a ɗauka. Ka rubuta lambobin wasu biyu ko uku da suka yi alkawarin tashi ko da tsakar dare ne. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, lafiyayyen mutum yana mayar da shi, kuma ba ya rage wa namiji komai.

Akwai jinin da ya fi na leda, shi ne wanda ke jikinta. Macen da ta shiga tiyata da cikakken jini tana jure zubar da za ta kayar da mai ƙarancinsa. Ka tabbata tana shan ƙwayoyin ƙarin jini kullum, ba tare da shayi ba domin yana hana su shiga jiki, tana karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, tana kwana a gidan sauro. Nama, wake, zogale da alayyahu su yawaita a kwanonta. Idan awon ƙarfin jininta, wanda ake rubuta Hb a kati, ya yi ƙasa da 11, a gyara tun da sauran makonni.

An taɓa yi mini aiki sau biyu. Akwai bambanci?

Akwai, kuma babba ne, ba zan ɓoye miki ba. Idan mabiyiya ta zauna a kan tsohon tabo, tana iya nutsawa cikin naman mahaifa ta kafe, ta ƙi fita bayan an ciro jariri. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa cikin matan da mabiyiya ta tare wa hanya, mai aiki ɗaya a baya haɗarin kafewar kusan kashi 11 cikin 100 ne, mai biyu kashi 40, mai uku ya haura 60.

Ki nemi a yi miki hoto na musamman wurin ƙwararre don a duba wannan. Idan ana zargin ta kafe, ranar tana ƙara matsowa: likitocin Ingila sun ce daga mako 35 zuwa 36 da kwana 6, na Amurka daga mako 34 zuwa 35 da kwana 6. Irin wannan aiki na babban asibiti ne mai manyan likitoci da ɗakin kulawa ta musamman da jini mai yawa, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan an tura ki can, ki tafi da wuri.

Wani lokaci hanyar tsayar da jinin ita ce cire mahaifar gaba ɗaya. Magana ce mai nauyi ga kowace mace, na ga hawayen da take jawowa. Gara ku ji ta ke da maigida kuna zaune, ku yi istihara, ku yi shawara, da a fito daga ɗakin tiyata a same shi da ita a tsaye. Yaran da ke gida suna buƙatar uwarsu.

Maigida yana ci-rani a Kudu, kuma ba mu gama haɗa kuɗin ba.

Ke baliga ce, sa hannunki a takardar amincewa ya isa a yi miki aiki. Amma mun san yadda gidajenmu suke, na ga an tsaya ana neman layin miji jini yana zuba. Ya faɗa tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da wansa ko ƙanensa, cewa duk lokacin da jini ya zo a kai ki asibiti ba sai an jira shi ba, duk abin da likita ya ce a yi. Idan zai dawo, ya dawo mako biyu kafin ranar.

Game da kuɗi, a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta. Ku tambaya a asibitinku ko yana cikin shirin da kuma takardun da ake buƙata. Ku nemi a rubuta muku kayan aiki da magunguna tun da wuri, a riƙa saye kaɗan-kaɗan.

Za mu iya zaɓar ranar Juma'a? Idan kuma ya faɗo cikin azumi fa?

Idan Juma'ar tana cikin makon da likita ya tsayar, kuma ranar tiyata ce a asibitin, ku roƙa. Ɗaga aikin zuwa wani mako saboda rana ko biki shi ne ban yarda da shi ba. Ni na fi son farkon mako da safe, don kwanaki biyun farko bayan aiki su faɗo lokacin da ma'aikata suke cike. Azumi kuwa, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan tana tsoron cutuwa, ki tambayi malaminku yadda za ki rama.

Yaya ranar take, kuma me zai biyo baya?

Za a kwantar da ke tun jajibere, a sake gwada jini, a hana ki abinci kamar awa shida kafin a shiga. Yawanci allurar baya ake yi, rabin jiki ya mutu, idonki biyu ki ji kukan ɗanki. Idan jini ya yi yawa ana iya sa ki barci gaba ɗaya. Bayan an fito za mu riƙa taɓa cikinki muna duba ƙunzugu akai-akai, kada ki gaji da mu, awannin farko su ne na lura. Ki sa shi a nono da wuri, tsotson yana taimaka wa mahaifa ta tsuke.

A gida, a yi wa wankan jego sassauci. Ruwa mai ɗumi ya isa, kada a yi ta fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki, a bar wurin a bushe. Kunun kanwa a rage shi ƙwarai, yana ɗora wa zuciya nauyi, balle zuciyar da ta sha zubar jini. Ki ci gaba da ƙwayoyin ƙarin jini. Zazzaɓi, warin ɗinki, jini mai gudaji, kumburin ƙafa ɗaya ko haki, kowanne ya isa ya dawo da ke asibiti a ranar.

Ciki na gaba ma haka zai zo?

Yawanci ba ya maimaituwa, sai dai haɗarin ya ɗan fi na sauran mata, ga kuma tabo yanzu a mahaifa. Ki ba jikinki hutu kamar shekara biyu, ku tattauna hanyar tazara da maigida kafin arba'in. Da kin ji alamar wani cikin ki yi hoto a wata ukun farko, kuma haihuwar a asibiti za a yi ta. Ko za ki iya haihuwa da kanki nan gaba ya danganta da irin yankan da aka yi wa mahaifar, a kwance a ƙasa ko a tsaye, kuma ɗinkin da kike gani a fata ba ya nuna wannan. Kafin a sallame ki, ki roƙi likita ya rubuta miki irin yankan a takarda, ki ajiye ta a ƙasan akwati tare da katin rigakafin jaririn.